Baƙin Kaka a Tudun Timbang

Miri, watan Oktoba

Yaya Siew Moi,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanenki Kim Fatt. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Lian da yaranta. Yaya kunnen? Duk lokacin da na kira wayar Lian aka miƙa miki, sai ki yi ta "wa ke magana?" har maƙwabta su sani, shi ya sa na koma takarda irin ta da. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun rediyo bai sani ba. Likita ya ce in rage ƙiba. Na ce masa tumbin nan da gumina na gina shi, ba gadonsa na yi ba.

Shago na uku ya buɗe, tayil da siminti kamar sauran. Ki gaya wa waɗanda suka ce ɗan aji uku na sakandare ba zai wuce dakon buhu ba, yau masu digiri ne ke buga mini lissafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wani ɗan kwangila da ke sayen kaya a wurina ya kai iyalinsa Bau hutu, ya dawo yana ba ni labarin garinmu kamar shi aka haifa a can. Wai hukuma ta mai da Tudun Timbang wurin shaƙatawa, an fitar da hanyar ƙafa daga bakin Shuɗin Tafki, ta bi ta tsofaffin ramukan zinariya har ƙoli. Na yi masa dariya, na ce ramukan da iyaye ke dukanmu in mun leƙa su ne yanzu ake ɗaukar hoto a bakinsu.

Amma tun ranar tudun bai bar idona ba. Ina tsaye ina duba kaya, sai in ga hazon safiya yana tashi daga tafkin kamar an buɗe tukunya, duwatsun farar ƙasa suna fitowa ɗaya-ɗaya daga cikinsa. In ji muryar Kaka yana cewa zinariya tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa kamar kifi, in ka haƙa nan ta riga ta koma can.

Hanyar ta ina ta bi, Yaya? Kabarin Kaka fa? Ubanki da ubana duk sun tafi, ke ce babba, ni ne jika namiji da ya rage. Ki gaya mini gaskiya.

Ƙanenki,
Kim Fatt

Bau, watan Nuwamba

Ah Fatt,

Takardarka ta iso, na gode. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda ka sani, yanzu kuma idon dama ya soma yana, rubutu ya koma mini kamar tururuwa a ruwa. Lian na gaishe ka. Ta ce likitanka ya fi ka gaskiya.

Hanyar ta yi kyau. Ni da ƙawata Nyuk Chin muna hawa duk Asabar bayan na sauke tukunyar taliya. Farkonta katako ne aka shimfiɗa a gefen tafki, ruwan na ƙarƙashinka shuɗi shar, babu mai wanka, babu mai kamun kifi, sai kallo. Daga nan ka shiga inuwa. An kewaye ramukan da shinge, kowanne ya cika da ganye, in ka saurara ka ji ruwa na ɗiga can ƙasa. Tsiron nan mai ɗan tulu, wanda Inna matar Kaka ke cusa wa shinkafa ta dafa mana, ya cika gefen hanya, amma an hana tsinka. Akwai wurin da tsohuwar tayar injin niƙa dutse ta nutse a ƙasa, itace ya fito ta tsakiyarta. Bishiyoyin durian na Kawu, masu 'ya'yan nan masu ƙaya da wari, suna nan, sun zama na kowa.

Kabarin kuwa, hanyar ta bi ta gabansa daf, in ka miƙa hannu ka taɓa dutsen. Da aka zo aikin na ji tsoron kada su tattake shi, ga rubutun ya goge, sai na sa aka shafe dutsen da jan fenti, na ajiye kaskon turare, Lian ta kafa masa ɗan rufin kwano.

Kaka dai ya daina zama shi kaɗai. Baƙi har sun yi masa yawa. Ranar Lahadi ba ka samun wurin tsayawa, kowa ya wuce sai ya bar abinsa a gabansa, ni ke kwashe kofuna. Ko yana da rai bai taɓa ganin jama'a haka ba.

Idona ya gaji, sauran labarin sai wani jiƙon. Ka zo ka gani.

Yayarki,
Siew Moi

Miri, watan Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da ido. Ki je a duba shi a asibitin birnin Kuching, kada ki tsaya wurin masu ganye.

Takardarki ta hana ni cin abinci. Na san halinki, ba kya ƙorafi kai tsaye, amma na gane abin da ke ƙarƙashin maganar. Wato kakanmu yana kwance a bakin hanya kamar kwandon shara, 'yan gudun motsa jiki suna zubar masa da kofuna, ke kuma da shekarunki kina bin bayansu da tsintsiya. Mutumin da ya baro China a cikin jirgin ruwa, ya ƙare ransa tsaye cikin laka yana jujjuya akushin wanke ƙasa, bai tsira da komai ba sai haƙorin zinariya guda a bakinsa, wannan ne hutunsa?

To, na yanke magana. Akwai sabon gidan ajiye ƙasusuwa a nan bayan gari, a kan tudu, yana kallon teku. Marmara ne tun daga ƙofa, ni na san dutse, ba na ƙarya ba ne. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai karatun addu'a da ke tashi a hankali dare da rana, sai da kati ake shiga. Na kama wa Kaka gurbi a layin da ke daidai ido, ba na ƙasa da ake durƙusawa ba. Na sa a rubuta sunansa da ruwan zinariya. Zinariyar da ta yi ta gudunsa yana raye, wannan karon ita za ta zauna ta jira shi.

Na yi magana da tsoho Phang mai tsintar ƙashin mamata, na garin Siniawan. Ya duba kalanda, ya ce kwanakin Ching Ming, lokacin share kaburbura, sun dace. Zan zo da sabon tulun da za a zuba ƙasusuwan. Ke ba abin da za ki yi sai ki sa rigarki mai kyau.

Ban nemi taimakon kowa ba, ban kuma nemi godiya ba. Ki dai ba ni amsa.

Kim Fatt

Miri, watan Fabrairu

Yaya,

Barka da sabuwar shekararmu ta 'yan China. Na aiko da lemo da busasshen nama ta hannun direban Chong mai motocin kaya, ban ji ko sun iso ba. Wayar Lian ba ta shiga.

Wata biyu ke nan shiru. In fushi ne, ban san laifina ba. In yarda ce, to na karɓa, shiru ma amsa ce a wurin manya. An gama sassaƙa sunan. Jiya na je na tsaya a gabansa ni kaɗai, wurin tsit, ina jin takun takalmina. Na yi ta tunanin yadda zan riƙa biyowa bayan na rufe shago.

Kim Fatt

Bau, watan Maris

Ah Fatt,

Takardunka biyu rana ɗaya aka karanta mini su. Ruwa ya ci unguwarmu bayan Kirsimeti, ya kai ƙirji a ɗakin girki, wayar Lian ta tafi da shi. Muka koma makarantar da aka tara waɗanda ruwa ya kora muka zauna. Ruwa na janyewa aka yi mini aikin ido, aka hana ni sunkuyo. Lemo ya iso, naman kuma direban Chong ya san inda ya kwana.

Kai dai tun kana yaro rabin magana kake ji ka ruga. Wa ya ce maka shara? Kofunan da nake kwashewa da kofi a cikinsu ake ajiye su, da hannu biyu.

Bari in gaya maka abin da ya faru. Mutanen Kuching da ke zuwa yawo sun ga jan dutse a gindin itace, ga rufin kwano, ga kaskon turare, sai suka ɗauka ɗakin Datuk ne, aljanin da ke tsaron tudu. Ɗaya ya rusuna, na bayansa ya rusuna. Yanzu babu mai wucewa bai gaishe shi ba. Kuma da yake kowa ya san Datuk ɗan ƙabilar Melayu ne, Musulmi, ba a kai masa alade ko giya, sai baƙin kofi da ganyen taunawa da farar shinkafa. Ka tuna Kaka da kitsen alade. Ranar farko da na ɗauko masa ɗan yanki a kwano, wata mata mai farar hula ta tare ni.

"Inna, me ke cikin kwanon nan?"

"Abincin tsohon ne."

"Alade? A gaban Datuk? So kike ya karya mana ƙafa a gangara?"

"Wannan Datuk ɗin ni na san shi. In ba kitse ba ya buɗe baki."

"Tsufa dai," in ji ta, ta ja mijinta suka wuce, tana ba dutsen haƙuri a madadina.

Tun daga nan nake rufe kwanon da ganye in tura bayan dutse. Nyuk Chin ta ce mutumin da bai taɓa zama ko shugaban leburori ba ya samu sarauta bayan shekara hamsin, mu bar shi ya ci.

Ni ba na son a ɗaga shi, Ah Fatt. Can ya zaɓa da bakinsa, inda yake hango ramin da ya ci ƙuruciyarsa ya zama tafki. Amma kai ne namiji, sunan gidan a wuyanka yake, ba zan tare maka hanya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka tambayi mai kalanda, ka tambayi mai marmara, ba ka tambayi mai ƙasusuwan ba. Katakon tambaya na Inna yana wurina, 'yan biyun nan masu kamar jinjirin wata. Ka jefa da hannunka a gabansa. In ɗaya ya kife ɗaya ya kwanta rigingine har sau uku, ya yarda, ni ma na yarda. In ba haka ba, ka mai da tulunka.

Ka zo da takalmin kirki, ba na zuwa banki ba.

Siew Moi

Miri, watan Afrilu

Yaya,

Na iso gida lafiya. Gwiwa ta kumbura kamar kwakwa, ƙafa duk bororo. Kada ki ce komai a kan takalmin.

Na biya gidanki kafin in tafi filin jirgi, Lian ta ce kin kwanta, kin juya fuska bango, kin ce kada a tashe ki ko gobara ake. Na ce ta gaya miki, ta ce ita ba ta shiga tsakanin tsofaffi. To ga shi a rubuce.

Kin ga abin da kika gani. Na jefa sau uku, sau uku Kaka ya ce to. Kin tattara katakon kin sa a aljihu, kin ce, "Shi ke nan, ka ci," kin kama hannun Nyuk Chin kun gangara ba ki waiwaya ba. Na ga bayanki yana shiga cikin itatuwa yana fita har ya ɓace.

Tsoho Phang ya buɗe baƙar lemarsa don kada rana ta taɓa ƙashi, mutanensa biyu suka ɗauki fatanya. Na ce su dakata in huta. Ba wani abu ba ne, gwiwa ce.

Na zauna a kan saiwar itacen. Yaya, ban san haka wurin yake ba. Muna yara share ciyawa muke zuwa yi, mu ci kaza mu gudu. Daga nan zaune tafkin gaba ɗaya yana tafin hannunka. Hazo bai gama tashi ba, yana tafiya a kan ruwan a hankali kamar mutane masu fararen kaya sun taso daga aiki. Iska na fitowa daga ramukan da sanyinta, da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse. Wani tsuntsu yana ta kira ɗaya tak. Na ji kamar in na rufe ido zan ji ƙarar akussa ɗari a cikin rafi.

Sai ga wata mata ta hauro, ba ta kai Lian shekaru ba, da kayan ma'aikatan jinya a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta tsiyaya kofi daga gorarta, ta ajiye, ta tsaya tana motsa baki. Da ta gama ta dube ni, ta dubi fatanyun.

"Kawu, gyara za a yi wa Datuk?"

"Ba Datuk ba ne. Kakana ne, Voon Nyet Hin, mai wankin zinariya."

"Ashe yana da suna." Ta maimaita shi sau biyu. "Yana da jika kuma. To ina kuke duk wannan lokacin?"

"Ina Miri, ina da shaguna uku."

"Mijina ma can yake, a kan teku wurin haƙar mai. Ba ya rubutu, ba ya kira sai ya sauko. Kakanku nake gaya wa. Ya iya sauraro."

"Bai taɓa iyawa ba yana da rai," na ce. "Shi ke magana, kowa ya yi shiru."

Ta yi dariya, ta ce to ya koya. Ta ce in an gama gyaran a bar mata inda za ta riƙa ajiye kofi. Ta wuce sama.

Bayanta wasu tsofaffi biyu suka zo, sai wani mai neman lambar caca da ya yi ta leƙa hayaƙin turare, sai 'yan makaranta a jere, kowanne ya ɗan sunkuyar da kai ya ce "Datuk, mun wuce." Phang ya ce, "Maigida, rana na yi, lokacin da kalanda ta ba mu zai fita." Na ce na ji.

Abin da nake juyawa a raina shi ne to ɗin nan uku da suka fito babu gardama. Kin san ni, kasuwa ce makarantata. In mutum ya sallama kaya tun ban taya ba, sai in dubi fuskarsa. Sai na tuna, Yaya, Kaka bai taɓa ce mini a'a ba. Ke yana hana ki, yana hana su Baba. Ni kuwa in na ce ya goya ni daga rafi har gida, ya goya, yana tari. In na ce alewar gyaɗa, ya fasa shan tabarsa. Har haƙorin nan na taɓa cewa ya ciro mini in gani, ya kama shi yana girgizawa sai da Inna ta yi masa tsawa. Da cewa na yi ya bi ni cikin teku, da katakon haka zai faɗi. Da ke kika jefa, da mun ji ra'ayinsa. Ni na jefa, sai muka ji halinsa.

Na sallami Phang. Ko ƙasa ba a taɓa ba. Ya naɗe lemarsa ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa ganin mamaci ya yarda mai rai ya ƙi ba. Na ce yau ya gani. Kada ki ɗauka kin ci ni. Ni dai ba na karɓar kayan da aka ba ni don kunya.

Na ƙarasa hanyar har ƙoli, ni kaɗai, ina ɗingishi. Na sauko ta ɓangaren durian ɗin Kawu.

Gurbin marmara yana nan da sunan Kaka a jiki, na ce su kankare. Mai wurin ya ce in bar shi don kaina, tunda na riga na kama. Na je na sake tsayawa a gabansa, na ji sanyin na'urar a wuyana, na fito. Yarana ɗaya na Perth can Ostareliya, ɗaya na Singapore, kin sani. Katin shiga zai tsufa a aljihun wani.

Saboda haka ga tambaya, kuma kada ki karanta wa Nyuk Chin. A hagun Kaka, ta wajen tafki, na ga ɗan fili tsakanin saiwa biyu. Na auna da ido, zai ɗauki mutum ko da mai jiki ne. Ki bincika mini wa ake gani a kan wannan. Ba gaggawa nake ba. Ni mutum ne mai son shiri tun da wuri.

Ƙanenki,
Kim Fatt

Bau, watan Mayu

Ah Fatt,

Muna lafiya, ido ya washe, da kaina na karanta takardarka. Nyuk Chin ma ta karanta, tana zaune a gefena, ya zan yi da ita?

Ban jira takardarka ba. Washegari da sassafe na hau don in kwashe kaskon turare, na tarar da ƙasa yadda take, ga sabon tulunka a bayan itace ka manta shi. Na zauna a wurin har rana ta take. Tulun yana tsakar gidana, ruwan sama nake tarawa.

Na je ofishin masu kula da tudun kamar yadda ka ce. Yarinyar da ke wurin ta saurare ni da kyau, har ta ba ni kujera. Ta ce tunda wurin ya zama na shaƙatawa an rufe binne kowa a can, mai shago uku ko mai talatin. Waɗanda ke kwance su ci gaba da kwanciya, amma ba a ƙara ko ɗaya.

Don haka filin nan na hagu ba za ka same shi a kwance ba. A zaune kuwa babu mai hana ka, na gwada, saiwar ta yi daidai da baya. Wanda ke son tudun nan sai ya hau shi da ƙafarsa, yana numfashi.

Ɗakin baya ya bushe, Lian ta sake masa fenti, yana jiranka. Asabar muke hawa, da zarar na sauke tukunya. Ba ma jiran mai nawa.

Yayarki,
Siew Moi